Babi na Shida: Lokacin da Babu Kowa a Gaban Allo

Manhajar psql ta girmi da yawa daga cikin masu amfani da ita a yau. Ta fito ne tare da Postgres95, bayan Andrew Yu da Jolly Chen, ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sun ɗauki rumbun bayanan da Michael Stonebraker ya fara ginawa a 1986 sun koya masa harshen SQL. A 1996 aka sauya wa rumbun suna ya koma PostgreSQL, ita kuwa psql ta riƙe sunanta da aikinta: ta karɓi tambaya daga hannun mutum, ta kai wa rumbu, ta dawo da amsa ta shimfiɗa a allo. Wanda ya fara koyonta yakan ci karo da wani dogon jerin haruffa, kowanne da karan ɗori a gabansa, irin su -c da -f da -h da -X, sai ya ɗauka hadda ce kawai da masana suka ɗora wa kansu don burgewa. Ni ina ganin ba a fahimci amfanin waɗannan haruffa ba ne. An saita psql da 'yan uwanta ne domin mutumin da yake zaune yana kallon allo, wanda zai ga kuskure ya dakata. Da zarar an ɗauke mutumin nan, aka bar wa kwamfuta aikin ta yi da kanta ƙarfe biyun dare, duk hankalin da idonsa yake kawowa ya tafi da shi, kuma babu inda za a rubuta wannan hankali sai a cikin zaɓuɓɓukan da ake jerawa bayan sunan manhajar.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da psql take yi idan ta gamu da kuskure. A ce an rubuta fayil mai umarni uku. Na farko ya gina sabon teburi, na biyu ya kwashe bayanan ɗalibai daga tsohon teburi zuwa sabon, na uku ya share tsohon. Aka miƙa wa psql fayil ɗin da zaɓin -f, sai umarni na biyu ya faskara, wataƙila don an kuskure harafi ɗaya a sunan wani ginshiƙi. Abin da psql za ta yi, in ba a ce mata komai ba, shi ne ta rubuta saƙon kuskure, ta wuce zuwa na uku, ta share tsohon teburin. Kuma tun da yake a saitinta na asali kowane umarni tabbata yake yi nan take, babu wani mataki na baya da za a koma. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda take sallama. Kowace manhaja a tsarin Unix takan bar wata lamba idan ta gama aiki, sifili yana nufin lafiya, wata lamba daban tana nufin an sami matsala, kuma da wannan lamba ce sauran manhajoji suke sanin ko su ci gaba ko su buga ƙararrawa. A labarin nan namu psql sifili za ta bari, domin a nata lissafin ta karanta fayil ɗin har ƙarshe, ba ta faɗi ba, layin sadarwa bai yanke ba. Bayanai sun salwanta, rahoto kuma ya ce komai lafiya.

Gyaran wannan gajere ne ƙwarai. Idan aka ƙara -v ON_ERROR_STOP=1, psql za ta tsaya cak a kuskuren farko ta bar lamba 3, wadda aka ware wa wannan yanayi kaɗai, dabam da 1 da take nufin manhajar ce da kanta ta gaza, da 2 da take nufin alaƙa da rumbun ta lalace. Idan aka haɗa da -1, za ta ɗaure dukan umarnin fayil ɗin su zama ƙulli ɗaya, ko su tabbata gaba ɗaya ko a warware su gaba ɗaya, har da teburin da aka gina a umarni na farko, domin PostgreSQL yana iya janye ginin teburi kamar yadda yake janye sauyin bayanai. Ana yawan zaton ɗayan biyun nan ya wadatar, alhali kowanne rabin aiki yake yi. Na farko shi kaɗai zai tsaya, amma ya bar abin da ya riga ya tabbata a tsaye, rabin gini. Na biyu shi kaɗai zai kare bayanan idan rumbun ne ya ƙi wani umarni, amma lambar sallama za ta ci gaba da cewa lafiya, sai mai aikin ya wayi gari yana zaton an yi abin da ba a yi ba. Akwai kuma 'yan umarnin da ba sa yarda a ɗaure su cikin ƙulli, kamar VACUUM da CREATE DATABASE, waɗannan sai a ware musu nasu kiran.

Mai karatu zai iya cewa to ai sai a koyi wannan ɗabi'a sau ɗaya a huta. Matsalar ita ce ɗabi'ar ba ɗaya ba ce. Manhajar mysql, wadda take yi wa rumbun MySQL irin wannan hidima, akasin haka take yi: idan aka ba ta fayil, tana tsayawa a kuskuren farko, sai an ce mata --force sannan take wucewa. Ita kuma sqlite3, ta rumbun da D. Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, wucewa take yi sai an ce mata -bail. Haruffan ma kansu ba su yi yarjejeniya ba. A psql, -p lambar tashar sadarwa ce, wadda ta asali ita ce 5432. A mysql, -p kalmar sirri ce, tashar kuwa, 3306, babban harafi -P ne yake ɗaukar ta. A psql -U sunan mai shiga ne, a mysql ƙaramin -u ne yake wannan aiki, babban -U kuma wani abu ne dabam da za mu zo kansa. Tambaya guda ana miƙa ta da -c a psql, da -e a mysql. Har da wani tarko da ya daɗe yana kama sababbin shiga: idan aka bar tazara tsakanin -p da kalmar sirri, mysql za ta ɗauki kalmar a matsayin sunan rumbu, ta kuma tambayi kalmar sirri daga baya. Hannun da ya saba da ɗaya yana iya yin ɓarna a ɗayar ba tare da kan mai shi ya sani ba.

Wannan gajarta gado ce ta wani zamani. An haifi Unix a ɗakunan binciken Bell a 1969, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie, lokacin da ake magana da kwamfuta ta na'urar Teletype mai buga harafi goma a daƙiƙa a kan takarda. A irin wannan hali kowane harafi tsada gare shi, zaɓi mai harafi ɗaya kuwa hikima ce. Daga baya aikin GNU ya yaɗa dogayen sunaye masu karan ɗori biyu, shi ya sa yau -1 yake da ɗan uwa --single-transaction, -X yake da --no-psqlrc, -t yake da --tuples-only. A ganina rabon aikin a fili yake. Gajeren suna na yatsun mai gaggawa ne a gaban allo, dogon kuma na fayil ne, wanda wani zai buɗe bayan shekara biyu yana neman sanin abin da marubucin ya nufa. Wanda ya rubuta -1 a cikin fayil ya bar wa magajinsa abin da ido zai iya karantawa a matsayin -l, ƙaramin harafin da yake jero sunayen rumbuna kawai ya fita.

Wata tambaya da mutumin gaban allo yake amsawa ba tare da ya lura ba ita ce: da wane rumbu nake magana? Idan ba a faɗa wa psql komai ba, ba ta tambaya, cike gurbin take yi da kanta. Babu -h, sai ta nemi rumbun da ke cikin kwamfutar da take kai. Babu -U, sai ta ɗauki sunan da aka shiga kwamfutar da shi. Babu -d, sai ta nemi rumbu mai irin wannan suna. Kafin duk wannan ma takan leƙa wasu saituna da suke ɓoye a muhallin da aka kira ta, irin su PGHOST da PGDATABASE, waɗanda mai yiwuwa wani ne ya saka su makonni da suka wuce ya manta. Ke nan umarni guda, harafi da harafi, yana iya taɓa rumbun gwaji a wannan kwamfuta, ya taɓa rumbun da dubban mutane suka dogara da shi a waccan. Haka lamarin yake da fayil ɗin .psqlrc, inda kowa yake ajiye saitin da ya fi masa daɗi, psql kuma take karanta shi duk lokacin da ta tashi. Wani yakan sa a riƙa nuna masa tsawon lokacin da kowace tambaya ta ɗauka, sai wannan layi ya kutsa cikin sakamakon da wata manhaja take jira. Wani, saboda taka-tsantsan, yakan kashe tabbatarwar nan take, sai fayil ɗin da ya yi aiki lafiya a hannun abokinsa ya gudana a nasa hannun har ƙarshe, ya fita, rumbun ya zubar da duk sauye-sauyen domin babu wanda ya ce a tabbatar. Zaɓin -X yana cewa kada a karanta fayil ɗin .psqlrc. Abin lura kuma, kafin fitowa ta 9.6 a 2016, duk wanda ya yi amfani da -c yana samun wannan kariya a kyauta, daga 9.6 aka cire ta. Waɗanda suka rubuta -X da hannunsu ba su ji komai ba. Waɗanda suka jingina da tsohuwar al'ada su ne ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu.

Abin da ya sami kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairu, 2017, ya haɗa waɗannan haɗura biyu a dare ɗaya, kuma kamfanin da kansa ne ya wallafa bayanin dalla-dalla. Wani injiniyansu yana ƙoƙarin gyara rumbun PostgreSQL na ko-ta-kwana, sai ya ba da umarnin share ma'ajiyar bayanai yana zaton a kan na ko-ta-kwanan yake, ashe a kan babban rumbun yake. Kafin ya ankara ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya da ya kamata manhajar pg_dump ta riƙa ɗauka a kai a kai, sai aka tarar da wurin wayam. Dalili shi ne pg_dump ɗin da ake kira ta fitowa ta 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6 ne, don haka kullum faɗuwa take yi. Saƙonnin imel da suke ɗauke da labarin faɗuwar kuma ana mayar da su tun kafin su isa hannun kowa. A ƙarshe da wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin ɓarnar aka farfaɗo, abin da aka rubuta a tsakanin ya tafi. Gaskiya ne ba psql ce ta yi sharar ba, kuma babu wani harafi guda da zai hana duk abin da ya faru. Amma siffar lamarin ita ce dai wadda muke magana a kai: umarni ya sauka inda ba a nufa ba, kuskure kuma ya yi ta kuka a ɗakin da babu kowa.

Siffar amsa ma tana da nata rabon. Abin da psql take nunawa a allo, ginshiƙai a jere da layukan ado da ƙidayar sakamako a ƙasa, don idon mutum aka yi shi. Manhajar da za ta karɓi amsar ba ta son ado, shi ya sa ake haɗa -A da -t, a cire jeri da kanun ginshiƙai. Shekaru da yawa masu son fayil ɗin da za a buɗe a Excel sukan ƙara -F su sa waƙafi ya raba ginshiƙai, abin ya yi ta tafiya daidai har ranar da aka iso adireshin da yake ɗauke da nasa waƙafin, kamar Tudun Wada, Zariya, sai ginshiƙi ɗaya ya tsage biyu, lambar waya ta faɗa gurbin shekaru. Sai a fitowa ta 12, a 2019, aka kawo --csv, wanda yake killace irin wannan rubutu yadda ya kamata. Masu rubutu da Hausa kuma suna da wani dalili nasu na musamman. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su a tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne saitin asali na MySQL har zuwa fitowa ta 8.0 a 2018. Idan aka nemi amsa ta wannan tsari, harafin da ba shi da gurbi alamar tambaya yake komawa, sai Ɗanladi ya fito ?anladi, ba tare da ko gargaɗin da zai tsayar da aiki ba. Rubuta --default-character-set=utf8mb4 a layin umarni shi ne yake toshe wannan ƙofa ta ɓangaren manhajar, muddin teburin kansa an gina shi a kan tsarin da ya san haruffan.

Duk da haka, akwai abu ɗaya da bai kamata ya hau layin umarni ba ko kusa, wato kalmar sirri. Abin da aka rubuta a layin yana shiga tarihin umarnin da kwamfuta take ajiyewa, kuma a tsarin da mutane da yawa suke tarayya, wani yana iya ganinsa da umarnin ps yayin da aikin yake gudana. mysql tana karɓar kalmar a layi, amma tana gargaɗi, tana kuma goge ta daga idon masu leƙe jim kaɗan bayan ta tashi. psql kuwa ba ta ma tanadi harafin da zai ɗauki kalmar sirri ba, ko da yake mai taurin kai yana iya cusa ta cikin dogon adireshin haɗi. Ta fi son fayil ɗin .pgpass, kuma a tsarin Unix ba za ta kula shi ba muddin wani ban da mai shi yana da izinin karanta shi. Wannan bai rushe hujjata ba, iyaka ya yi mata: niyya ce ake bayyanawa a fili, sirri kuma a ɓoye shi. Abin da ya dace ya hau layin shi ne -w, wanda yake hana psql tambayar kalmar sirri, ta yadda in ba ta same ta a inda ya kamata ba sai ta faɗi nan take, maimakon ta zauna jiran yatsun da ba za su zo ba.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne cewa zamani ya wuce wannan wahala, ga pgAdmin ga DBeaver, a danna da linzami a ga teburi ras. Ban musa ba, kuma wanda yake binciken rumbun da bai sani ba, yana leƙa nan yana leƙa can, zai fi samun sauƙi da su. Sai dai dannawa ba ta barin rubutu. Ba a iya miƙa ta ga abokin aiki ya duba kafin a aiwatar, ba a iya ajiye ta a kwatanta ta yau da ta jiya, ba a iya cewa ta maimaita kanta kowane dare. Mai shago da yake tsaye a shagonsa ba ya bukatar rubuta wa yaronsa komai, yana gani yana gyarawa. Ranar da zai yi tafiya ce ake gane bambancin wanda ya ce "ka kula da shago" da wanda ya zauna ya faɗi wa za a ba bashi, wa za a hana, da abin da za a yi idan kaya suka zo a lalace. Manhajojin dannawa na ranakun da mai shago yake nan ne.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Idan wucewa bayan kuskure haɗari ne, me ya sa masu kula da PostgreSQL ba su sauya saitin asalin ba, maimakon ɗora wa kowa nauyin tunawa? Ina ganin da yau za a ƙirƙiri psql daga farko, da tsayawa ce ta fi cancanta ga fayil, kuma a wannan gaɓa mysql ta fi ta gaskiya. Amma manhajar da ta kai shekara talatin tana da fayiloli marasa adadi da aka rubuta bisa halinta na yanzu, ciki har da waɗanda da gangan suke dogara da wucewar, kamar mai share teburin da mai yiwuwa babu shi kafin ya gina sabo. Sauya saitin zai karya su duka a rana ɗaya. Ƙorafin ma in an duba da kyau goyon bayan hujjar yake yi. Saitin asali ba hukuncin abin da ya fi dacewa da aikinka ba ne, tarihi ne da sasanci tsakanin bukatun mutanen da ba su san ka ba, kuma kamar yadda 9.6 ta nuna, yana iya motsawa.

Na uku shi ne cewa duk wannan ba ya hana tambaya marar kyau yin ɓarna, kuma gaskiya ne. Umarnin DELETE da aka manta ba a sa masa sharaɗi ba, ba kuskure ba ne a wajen rumbu, umarni ne ingantacce, zai share teburi kaf ya bar sifili. Amma ko a nan zaɓuɓɓukan ba su rasa abin yi ba. Babban -U ɗin nan na mysql, mai dogon suna --safe-updates, yana ƙin duk UPDATE ko DELETE da bai kafa sharaɗi a kan mabuɗin teburi ba kuma bai sa iyakar layuka ba, yana kuma taƙaita amsar SELECT zuwa layi 1000. A sqlite3 akwai -readonly, wanda ban da hana rubutu yake magance wani hali nata mai ruɗarwa, na buɗe sabon rumbu fanko idan aka kuskure sunan fayil. A PostgreSQL ana iya saka default_transaction_read_only ta hanyar PGOPTIONS, ko da yake wannan shinge ne da mai niyya zai iya tsallakewa da umarni ɗaya, don haka aikin da karatu kawai yake bukata ya fi dacewa a ba shi sunan shiga wanda rumbun da kansa bai ba shi izinin rubutu ba, a kuma rubuta wannan suna a fili bayan --username.